Me Ke Faruwa Idan Rajistar Sunan Shafinka na Intanet Ta Ƙare?

A jajibirin Kirsimeti na shekarar 1999, mutane da yawa masu amfani da Hotmail suka kasa shiga akwatin imel ɗinsu. Babu wanda ya yi kutse, babu kuma na'urar da ta lalace. Kamfanin Microsoft ne ya manta bai biya dala 35 na sabunta rajistar sunan passport.com ba, kuma ta wannan sunan ne ake tantance duk mai son shiga Hotmail. Wani mai aikin kwamfuta a Amurka, wanda ba ma'aikacin kamfanin ba ne, shi ya gano inda matsalar take, ya ciro katinsa ya biya musu. Daga baya Microsoft ya aika masa da cakin dala 500. Bayan shekara huɗu, a 2003, kamfanin ya sake yin irin wannan mantuwa da sunan hotmail.co.uk.

Wannan dai abin dariya ne. Amma akwai wanda ba na dariya ba. A watan Yunin 2016, kamfanin Sorenson na Amurka, wanda ke haɗa wa kurame kiran waya ta bidiyo da tafinta na maganar hannu, ya bari rajistar sunansa ta ƙare. Kusan kwana uku aikin na tangarɗa, har da kiran lambar gaggawa ta 911. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta sa kamfanin ya mayar da dala miliyan 2.7, sannan ya biya tarar dala 252,000.

To idan manyan kamfanoni masu ɗaruruwan injiniyoyi na faɗawa wannan rami, ina ga mai ƙaramar sana'a, ko makaranta, ko jaridar intanet, ko ƙungiyar da mutum ɗaya ne ke riƙe da komai nata a wayarsa? A wannan rubutu za mu duba yadda tsarin yake aiki, kwana nawa kake da su bayan wa'adi ya cika, waɗanne dabaru kamfanonin rajista ke amfani da su, da kuma haƙƙin da kake da shi a kansu.

Me ka biya kuɗinsa tun farko?

Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Kowace na'urar da ke ɗauke da shafi tana da lambar IP, kuma babu mai iya haddace lambobin duk shafukan da yake shiga. Shi ya sa a 1983 wani masanin kwamfuta mai suna Paul Mockapetris ya tsara DNS, wato tsarin da ke fassara suna zuwa lamba. Idan ka rubuta wikipedia.org, wayarka za ta tambayi DNS, a ba ta lambar, sannan ta je ta ɗauko maka shafin. Wannan sunan shi masu harkar ke kira domen. Sunan farko da aka yi wa rajista da .com shi ne symbolics.com, ranar 15 ga Maris, 1985.

Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba shi ne, ba a sayar da domen. Haya ake bayarwa, kamar rumfar kasuwa. Kana biyan na shekara ɗaya, ko biyu, ko biyar, iyakarta goma. Muddin kana biya, rumfar taka ce. Ranar da ka daina, akwai masu jira.

Hannuwa huɗu ne a cikin wannan haya. Na farko kai, mai suna. Na biyu kamfanin rajista, irin su GoDaddy, Namecheap ko Cloudflare, wanda kake ba wa kuɗi. Na uku mai riƙe da babban kundi: kowace wutsiyar suna tana da mai kula da ita guda ɗaya tak. Verisign ne ke riƙe da .com da .net, Public Interest Registry kuma ke riƙe da .org. Na huɗu ita ce ICANN, ƙungiyar da aka kafa a Kalifoniya a 1998, wadda ke ba kamfanonin rajista lasisi, take kuma shimfiɗa musu dokoki.

Sau da yawa akwai hannu na biyar da ba ka gani. Kamfanin da ka biya yana iya zama ƙaramin dillali ne da ke sarowa daga wani babban kamfani mai lasisi. Ka san wannan tun yanzu, don ranar da rigima ta taso, mai lasisin ne ICANN ta sani.

Sannan kada ka haɗa domen da masaukin shafi. Masauki shi ne inda hotuna da rubuce-rubucenka ke ajiye, domen kuma shi ne sunan da ke nuna hanyar zuwa wurin. Kuɗinsu daban, wa'adinsu daban, ko da kamfani ɗaya ne ya sayar maka da su. Mutane da yawa sun biya na masauki, hankalinsu kwance, ashe na suna ne ya ƙare.

Ina kuɗin ke tafiya?

A farkon zamani kyauta ake rajista. A 1995 kamfanin Network Solutions, wanda a lokacin shi kaɗai ke yi, ya fara karɓar dala 100 na shekara biyu. Sai a 1999 aka buɗe ƙofa ga wasu kamfanoni, gasa ta shigo, farashi ya sauko.

Yau kowane kamfanin rajista yana biyan Verisign farashin sari a kan kowane sunan .com duk shekara. Daga 2012 zuwa 2021 farashin na tsaye a dala 7.85. Daga nan aka fara ƙarin kashi 7 cikin ɗari shekara huɗu a jere: dala 8.39 a 2021, dala 8.97 a 2022, dala 9.59 a 2023, sai dala 10.26 a Satumban 2024. A kan wannan akwai 'yan sentin da ake ba ICANN, wajen senti 20.

Ka riƙe wannan lissafi, domin shi ne ma'auninka. Duk wanda ya ba ka .com a dala ɗaya, faɗuwa yake yi a shekarar farko, kuma ya san inda zai fanshe. Duk kuma wanda ya caje ka dala 25 na sabuntawa, fiye da rabin kuɗin ribarsa ce.

Kwana 80 tsakanin mantuwa da asara

Suna ba ya kuɓucewa ranar da wa'adinsa ya cika. Akwai matakai, kuma ga sunaye irin su .com, .net da .org, dokar ICANN da ta fara aiki ranar 31 ga Agusta, 2013 ce ke tsara su. Bari mu ɗauka sunanka zai ƙare ranar 1 ga Maris.

Kafin ranar, dole kamfanin ya aiko maka da tunatarwa sau biyu aƙalla: ɗaya saura kamar wata guda, ɗaya saura kamar mako guda. Idan wa'adin ya cika ba ka biya ba, dole ya aiko da ta uku cikin kwana biyar.

Daga 1 ga Maris ka shiga wa'adin alfarma. Mai babban kundi yana ba kamfanin rajista har kwana 45, wato zuwa 15 ga Afrilu, ya yanke shawarar ko zai riƙe sunan ko zai goge shi. Ka lura fa, kwana 45 ɗin na kamfanin ne. Nawa zai ba ka daga ciki, wannan yana cikin yarjejeniyar da ka danna "na yarda" ba tare da ka karanta ba. Wani ya ba ka kwana 30, wani ƙasa da haka. A wannan mataki yawanci farashin sabuntawa na yau da kullum za ka biya, wasu kuma su ɗora tarar latti.

A cikin waɗannan kwanaki ne shafinka zai mutu, imel ɗinka ya daina shiga. Da gangan ake yin haka. Dokar ta ce kamfanin ya katse sunan na aƙalla kwana takwas a jere kafin damarka ta sabuntawa ta ƙare, domin ko ba ka ga saƙo ba, ai za ka ga shafinka ya ɗauke. Wasu kamfanonin sukan juya sunan zuwa wani shafi mai cike da talla, kuma doka ta ce dole a rubuta a jikinsa cewa rajista ce ta ƙare, da yadda za a sabunta.

Akwai wani ruɗani a nan da ke cin mutane. Da wa'adin .com ya cika, kwamfutar Verisign kan ƙara masa shekara ɗaya da kanta, ta rubuta kuɗin a kan kamfanin rajista. Idan ka je ka duba bayanan sunan, sai ka ga an rubuta zai ƙare baɗi, ka ce ai shi ke nan an biya. Ba a biya ba. Idan kamfanin ya goge sunan kafin kwana 45, za a mayar masa da kuɗinsa, shekarar nan kuma ta ɓace. Abin da ke cikin asusunka na kamfanin da rasit ɗin da ke hannunka su ne shaida.

Idan aka goge sunan, sai ya shiga wa'adin fansa na kwana 30. A misalinmu, idan kamfanin ya jira har ƙarshen kwana 45, wannan zai kai 15 ga Mayu. A nan babu mai iya karɓar sunan sai kai, kuma sai ta hannun tsohon kamfaninka. Amma da tsada: kamfanoni da yawa kan caji dala 80 ko fiye, ban da kuɗin sabuntawar kansa. Idan ka duba bayanan sunan a wannan lokaci za ka ga kalmar redemptionPeriod.

Bayan nan sai kwana biyar na jiran gogewa, inda za ka ga pendingDelete. A nan an rufe ƙofa. Ko nawa ka kawo ba mai iya dawo maka da shi. Ranar 20 ga Mayu sunan ya koma kasuwa, wanda ya riga kowa shi ke da shi. Kwana 45 da 30 da 5, jimilla 80 kenan, kuma wannan shi ne mafi tsawo da za ka iya samu.

Su wa ke jiran sunanka?

Kada ka ce bari in ƙyale shi ya faɗo in sake ɗauka da araha. Akwai kamfanonin da sana'arsu kenan, cafke suna a daƙiƙar da aka sake shi. Jerin sunayen da za a goge kowace rana a bayyane yake, kuma kwamfutocinsu na aika buƙatu ba ƙaƙƙautawa a daidai lokacin. Tunda kowane lasisi yana da iyakar yawan buƙatun da zai iya aikawa, sai su sayi lasisi ɗaruruwa. Wani bincike da masana daga Jami'ar Northeastern da ke Boston suka gabatar a 2017 ya gano cewa kashi 10 cikin ɗari na sunayen .com da aka goge, a ranar ake sake yi musu rajista, kuma fiye da kashi 75 cikin ɗari na kamfanonin da ke da lasisin ICANN a hannun masu wannan sana'a suke.

Wani lokacin ma sunan ba ya kaiwa can. Manyan kamfanonin rajista da yawa kan sa sunan da wa'adinsa ya cika a gwanjo tun yana cikin kwanakin alfarma. Idan wani ya taya kuma ba ka biya a kan lokaci ba, sai a miƙa masa kai tsaye. Tunda ba a goge sunan ba, wa'adin fansar nan na kwana 30 ba zai zo ba sam. Wannan ma yana cikin yarjejeniyar.

Me suke nema da tsohon suna? Wasu don su sayar maka da shi da tsada. Wasu don martabar da ya tara a wajen Google, sai su cika shi da tallan caca ko na batsa, kuma tsofaffin masu ziyararka da katin kasuwancinka duk can za su riƙa kai mutane.

Mafi hatsari shi ne imel. Wanda ya mallaki domen zai iya buɗe kowane adireshin imel a ƙarƙashinsa, har da irin wanda kake amfani da shi a da. Daga nan sai ya je Facebook, ko wani asusun da ka buɗe da wannan adireshi, ya danna "na manta kalmar sirri", saƙon ya zo hannunsa. Masu bincike a Georgia Tech sun yi nazarin wannan a 2016, suka nuna yadda amanar da aka ba tsohon mai suna ke gangarowa ga sabon mai shi, ko waye shi. A watan Mayun 2022 hakan ta faru a zahiri: wani ya sayi domen ɗin da ya ƙare na marubucin wata ƙaramar manhajar Python mai suna ctx, ya sake kalmar sirrin asusunsa, ya cusa wa manhajar lambobin satar bayanai, duk wanda ya sauke ta a kwanakin ya ɗauki guba.

Kotu fa? Akwai tsarin sasanta rikicin suna da ICANN ta kafa a 1999, wanda hukumar WIPO da ke Janeba na cikin masu sauraronsa. Amma na masu alamar kasuwanci ne, sai ka nuna wanda ya ɗauka ya yi da mugun nufi, kuma kuɗin shigar da ƙara kaɗai a WIPO ya fara daga dala 1,500. Ka kwatanta da dala goma sha wani abu na sabuntawa.

Dabarun da ya kamata ka sani

Ta farko ita ce arahar shekarar farko. Ga misali na lissafi kawai: kamfani na ɗaya ya ba ka a dala 1, sabuntawa dala 22. Na biyu dala 12 kowace shekara. A shekara biyar na ɗaya ya karɓi dala 89, na biyu dala 60. Dokar ICANN ta wajabta wa kowane kamfani ya bayyana farashin sabuntawa, da na sabuntawa bayan wa'adi, da na fansa a shafinsa. Nemi waɗannan ukun kafin ka biya ko sisi. Sabbin wutsiyoyi irin su .online ko .store sun fi kowa wannan tazara tsakanin shekarar farko da ta biyu.

Ta biyu, kayan da ake cusa maka a kwandon saye: imel na gwaji, manhajar gina shafi, "kariya ta musamman", shekara biyu a maimakon ɗaya. Wasu an riga an yi musu alama, kai ne za ka cire. Na gwajin nan kuma idan watansa ya cika sai ya fara cin kuɗi da kansa. Ɓoye sunanka da lambarka daga idon jama'a ma, tun da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, kamfanoni da yawa kyauta suke yi. Haka takardar shaidar tsaro ta https, akwai ta kyauta daga Let's Encrypt.

Ta uku, wasiƙar sabuntawa ta bogi. Saƙo zai zo maka kamar takardar biyan kuɗi, da sunan shafinka da ranar ƙarewarsa daidai, amma daga kamfanin da ba ka taɓa hulɗa da shi ba. Idan ka biya, ka sa hannu ne a kan ƙaurar da sunan zuwa wajensu a farashi mai tsada. A ƙarshen 2003 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta kai kamfanin Domain Registry of America kotu a kan wannan. Yau abin ya fi zuwa ta imel, wani ma satar kalmar sirri ce zalla. Maganinsa ɗaya ne: kada ka taɓa danna mahaɗin da ke cikin saƙon. Rubuta adireshin kamfaninka da hannunka, ka shiga asusunka ka duba.

Ta huɗu tsohuwa ce amma tana da darasi. A Janairun 2008 aka gano Network Solutions na riƙe duk sunan da mutum ya bincika a shafinsa na tsawon kwana huɗu, ta yadda ba za ka iya sayensa a wani wuri ba. Abin da ya ba da damar haka shi ne kwana biyar na farko da ake iya mayar da sabon suna a karɓi kuɗi. Wasu ma sun riƙa ɗaukar miliyoyin sunaye suna ɗanɗanawa suna mayarwa. ICANN ta sa musu caji, kuma a 2009 ta ba da rahoton cewa ɗabi'ar ta ragu da kashi 99.7 cikin ɗari.

Ta biyar ba daga kamfani take ba. Mutumin da ya gina maka shafi yana iya yin rajistar da sunansa da imel ɗinsa. A takarda, shi ne mai suna, kai baƙo ne. Ranar da kuka saɓa, ko ya canza lamba, ko ya rasu, kamfanin ba zai saurare ka ba. Ba lallai da mugunta ya yi ba, sauƙi ya nema. Amma a gyara tun ana dariya da juna.

Idan kana son ƙaura

Ba dole ka zauna da kamfanin da ya ishe ka ba. Za ka cire makullin ƙaura a asusunka, ka nemi lambar sirri ta ƙaura, ka kai wa sabon kamfanin. Idan babu inda za ka ɗauki lambar da kanka, dole tsohon ya ba ka cikin kwana biyar da nema. Bayan an shigar da buƙata, yana da kwana biyar ya amince ko ya ƙi bisa dalilin da doka ta yarda da shi. Idan ya yi shiru, ƙaurar ta wuce. Kuɗin da za ka biya sabon kamfanin yana ƙara maka shekara ɗaya a kan abin da ya rage, ba ka asarar watannin da ka riga ka biya.

Ana iya hana ka ƙaura cikin kwana 60 na farkon rajista, ko cikin kwana 60 bayan wata ƙaurar. Canza sunan mai shi ko imel ɗinsa ma na iya jawo makullin kwana 60. Don haka idan za ka yi duka biyun, fara da ƙaura, sannan ka gyara bayanai.

Cikar wa'adi kaɗai ba hujja ba ce ta hana ka tafiya, muddin sunan bai shiga wa'adin fansa ba. Idan ya shiga, sai ka fanshe shi a wajen tsohon kamfanin tukuna. Sannan ga wani tarko: idan ka sabunta bayan wa'adi ya cika, kuma ka yi ƙaura kafin kwana 45 ɗin nan su wuce, kana iya biyan kamfani biyu amma shekara ɗaya ce za ta hau. Mafi sauƙi shi ne ka ƙaura tun saura wata ɗaya ko biyu.

Idan kamfanin ya ƙi ba ka lambar, ko ya riƙe sunan ba dalili, akwai fom ɗin ƙorafi a shafin ICANN, kuma kyauta ne. Ba ta shiga maganar tsadar farashi, amma tana bin kadin karya dokokinta, kuma kamfanoni na tsoron rasa lasisi.

Kamfanin ma yana iya mutuwa

A 2007 kamfanin RegisterFly ya rufta saboda rikicin masu shi. Mutane sun biya kuɗin sabuntawa amma ba a sabunta ba, sunaye suka riƙa zubewa. ICANN ta ƙwace lasisinsa, GoDaddy ya karɓi sunaye wajen 850,000. Daga wannan ne aka tilasta wa kamfanonin rajista su riƙa ajiye kwafin bayanan masu suna a wajen wani amintacce na daban. Ka ga amfanin rubuta bayananka na gaskiya kenan: wannan kwafin ne za a duba a san na waye.

Ko kamfani bai mutu ba ana iya sayar da shi. A 2023 Google ya sayar da sashensa na rajista, mai sunaye wajen miliyan 10, ga Squarespace. Idan irin haka ta same ka, ka shiga sabon asusun ka tabbatar farashi, katin biya da matakan tsaro duk suna nan yadda ka bar su. Masu son kyauta kuma sun ga abin da ya faru da Freenom, mai raba sunayen .tk da .ml da .ga: ya daina rajista a 2023 bayan kamfanin Meta ya kai shi ƙara, daga baya ya fita daga harkar. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Sunayen ƙasashe suna da dokarsu

Duk kwanakin da muka lissafa na .com da 'yan uwansa ne. Wutsiyoyi masu harafi biyu na ƙasashe ne, kowace da tsarinta: .ng na Najeriya a hannun NiRA yake, .ne na Nijar, .gh na Gana. Misali .eu na Tarayyar Turai kwana 40 yake killace sunan da aka goge. Idan naka na ƙasa ne, ka karanta dokar mai kundin, kada ka dogara da lissafin kwana 80.

Ga masu biya daga Najeriya akwai ƙarin matsala. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu daga baya suka dakatar gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi. Wanda ya kunna sabuntawa da kanta ya kwanta barci, katin na iya ƙin biya bai sani ba. Sunan .ng ko .com.ng ta hannun kamfanin cikin gida da naira ake biya, haka ma akwai kamfanonin gida da ke karɓar naira a kan .com.

Abin da za ka yi yau

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shiga lookup.icann.org ka rubuta sunan shafinka. Za ka ga wane kamfani ne mai lasisin da ke riƙe da shi, da ranar ƙarewarsa. Sa ranar a kalandar wayarka da ƙararrawa tun saura kwana 60.

Shiga asusunka ka duba sunan wa ke kan rajistar. Idan ta ƙungiya ce ko kamfani, a sa sunan ƙungiyar, kuma aƙalla mutum biyu su san yadda ake shiga.

Duba imel ɗin da ke kai. Kada ya zama a ƙarƙashin domen ɗin kansa, domin ranar da sunan ya ɗauke, saƙon gargaɗi na uku ba shi da inda zai sauka. Sa wanda kake buɗewa kullum, ka kuma riƙa leƙa akwatin tarkace. Idan ka canza imel, za a aiko maka da saƙon tabbatarwa, kuma idan kwana 15 suka wuce ba ka amsa ba ana iya dakatar da sunan ko da kuɗinka bai ƙare ba.

Kunna sabuntawa da kanta, amma ka duba ranar ƙarewar katin da ke kai. Kunna makullin ƙaura da tantancewa mai mataki biyu. Idan sunan shi ne jigon sana'arka kuma kana da hali, biya na shekara uku ko biyar lokaci guda, ka huta da mantuwa da ƙarin farashi.

Idan kuma ka gama da wani suna za ka bar shi, kafin ka sake shi bi duk asusun da ka buɗe da imel ɗinsa ka canza musu adireshi ɗaya bayan ɗaya. Idan ba ka tabbata ka tuna da duka ba, ci gaba da biyan kuɗinsa na wasu shekaru ko da babu komai a shafin, kana lura da saƙonnin da har yanzu ke shigowa.